"Ai a rediyo aka faɗa"

Na yi alkawarin wannan makon za mu ƙarasa maganar yaye, to ku yi min afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wani abu ne ya faru a wurin aiki ya tsaya min a rai, na ga gara in sauke shi tun da zafinsa.

Ina dutin dare aka kawo wata dattijuwa daga wani ƙauye can gefen Gwaram, ta wajen iyakar Bauchi. Matar ɗanta ce ta rako ta, da goyo a bayanta. Tun kafin a warware tsumman da aka naɗe ƙafar da shi na san abin da zan gani, domin warin ya riga ya gaya min. Ciwon suga gare ta shekara da shekaru, tana shan ƙwayoyinta, tana zuwa ganin likita da katinta. Wata huɗu da suka wuce sai ta ajiye komai. Da muka auna sugan, sai da na sake aunawa don ban yarda da abin da na gani ba.

Bayan an sa mata ƙarin ruwa ta ɗan dawo hayyacinta, na ja kujera na zauna kusa da ita.

"Inna, wa ya ce ki daina shan maganin asibiti?"

"'Yar nan, mai maganin ne ya ce ba a haɗawa. Jarka uku ce, ya ce in na shanye na rabu da sugan ke nan har abada."

"A ina kika same shi?"

Sai ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ai a rediyo aka faɗa. Da ƙarya ne gwamnati za ta bari a faɗa?"

Na tambayi wace tasha, ba ta sani ba. Matar ɗan nata ta ce su dai murɗawa suke yi, duk inda ya kama tar nan suke tsayawa, wata rana Jigawa, wata rana Bauchi, wata rana Kano. Don haka kada wata ta karanta wannan ta ce da tasha kaza nake. Abin da ya hana ni runtsawa ko bayan na tashi daga aiki shi ne tambayar nan tata ta ƙarshe. A wurin Inna, rediyo bakin gwamnati ne. Kuma da na yi tunani sai na ga ba wauta ba ce ta sa ta faɗi haka. Zamanin da ta taso a ciki, haka abin yake.

Gidan rediyon da iyayenmu suka buɗi ido da shi, wato Rediyon Kaduna, gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa shi a 1962, zamanin Sardauna, kafin daga baya ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1978. Jihohi kuma kowace ta riƙe nata. Da aka yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agustan 1991, mu ma muka samu Rediyo Jigawa. Ban da waɗannan sai na ƙasashen waje a gajeren zango, irin su BBC da ta fara Hausa tun 1957, da Jamus, da Muryar Amurka. Ina iya tuna mahaifinmu a kan tabarma bayan isha'i, ya jingina rediyonsa da buta, yana ɗan karkata eriya, mu kuwa an ce mu yi shiru za a karanta labarai. Iyayenmu mata nasu shi ne Zaɓi Sonka da wasan kwaikwayo. A wancan lokacin babu wani attajiri a faɗin Najeriya, komai kuɗinsa, da doka ta yarje masa ya buɗe gidan rediyo nasa na kansa.

A 1992 ne gwamnatin Janar Babangida ta yi dokar soja mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Wanda ya fara shiga ƙofar shi ne Raymond Dokpesi, da tasharsa Raypower a Legas a 1994. Mu a nan Arewa sai da aka ƙara kusan shekara goma kafin mu ji abin a jikinmu da harshenmu. Don haka in kin lissafa, rediyon kasuwa bai daɗe a ƙasar Hausa ba. Inna ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata an sauya tsari.

Tashar da ta kawo mana wannan sauyin, wadda kuma ta fi kusa da mu mutanen kudancin Jigawa ta fuskar tarihi, ita ce Freedom Radio. Ta fara watsa shirye-shirye a Kano a watan Disambar 2003 a kan mita 99.5, daga unguwar Sharaɗa, da kirarin Muryar Jama'a. Ni a gidan gwaggona a Kano na fara jin ta lokacin hutu, ina 'yar sakandare. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na ji wani mutum ya bugo waya yana faɗin cewa unguwarsu ta yi wata biyu ba ruwan famfo, yana kama sunan hukuma, kuma ba a katse shi ba. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga ikon Allah, wannan ba za a kama shi ba?" Ku tuna lokacin ne wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Waya da rediyo mai zaman kansa tare suka zo, kowanne ya ɗaga ɗan uwansa. Shirye-shirye irin su In Da Ranka da Kowane Gauta suka zama abin hira a majalisa da gidan biki. Daga baya gidan ya yi rassa: Freedom ta Dutse, wadda ita ce muka fi kamawa a Birnin Kudu, da ta Kaduna, da kuma Dala FM a cikin Kano.

To ta wane ne? Wannan ita ce tambayar da na yi wa mata biyar a wurin aiki, ma'aikata fa, masu ilimi. Biyu suka ce ta gwamnatin Kano ce, ɗaya ta ce ta wasu 'yan siyasa ce, biyu suka ce ba su taɓa tunanin abin ba. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Tashar ta wani kamfani ce mai suna Film Laboratory and Production Services, wanda ake taƙaita sunansa da Filaps, kuma masu shi 'yan wani babban gida ne na Dutse. Wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar gudanarwar tashar shi ne marigayi Air Vice Marshal Mukhtar Muhammad, hafsan sojan sama da ya yi gwamnan soja a tsohuwar Jihar Kaduna daga 1977 zuwa 1978, kuma Wazirin Dutse har zuwa rasuwarsa a watan Oktobar 2017, Allah ya jiƙansa. Ɗayan sunan da ba a raba shi da tashar shi ne Alhaji Bashir Ɗalhatu, lauya, wanda ya riƙe muƙamin minista a shekarun 1990, ya yi Walin Dutse, sannan ya gaji sarautar Waziri. Da Birnin Kudu da Gwaram duk a ƙarƙashin masarautar Dutse muke. Ke nan tashar da mutane da yawa ke ɗauka ta Kanawa ce, asalin masu ita daga fadarmu suke.

Ban kawo wannan don in zargi kowa ba. Mallakar gidan rediyo ba laifi ba ne, kuma wanda ya zuba dukiyarsa a abin da ya buɗe wa talaka baki ya cancanci a gode masa. An ma ga amfanin zaman kan nata a 2006, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi kan yunƙurin tazarcen Obasanjo karo na uku. A watan Maris na shekarar NBC ta hana Freedom watsa shirye-shiryenta na yamma zuwa dare, lokacin da ake shirye-shiryen siyasa, ta kuma ci ta tara, kafin a janye matakin bayan ƙorafi ya yi yawa. Tashar gwamnati ba za ta taɓa shiga irin wannan rigimar ba, domin ba za ta fara bari a yi maganar ba tun farko.

Sai dai kowace tasha da inda bakinta ke nauyi. Rediyo Jigawa da ƙananan tashoshinta na FM, har da wadda ke nan Birnin Kudu, gwamnatin jiha ke biyan albashinsu. Horizon FM ta Dutse ta gwamnatin tarayya ce. Kada ki sa ran za su buɗe labarai da abin da zai kunyata mai biyan albashin. Haka tasha mai zaman kanta, a ganina, zai yi wuya ta matsa wa mai ita, ko abokin kasuwancinsa, ko kamfanin da ya fi kowa ba ta talla. Dokar NBC ta hana a bai wa jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi, amma ba ta hana ɗan siyasa ya kafa kamfani ya nema da sunan kamfanin ba. Shi ya sa yanzu da tashoshi suka yi yawa a Kano da kewaye, har mutum ba ya iya ƙirga su da yatsun hannu biyu, yana da kyau in kin ji wata ta dage kan yabon mutum ɗaya ko zagin mutum ɗaya ki tambayi ta wane ne.

Amma abin da ya kwantar da Inna a gadon asibiti ba sunan mai tasha ba ne. Yadda tasha ke samun kuɗi ne, kuma nan ne nake so mu ɗan daɗe.

Ke ba kya biyan ko kwabo don sauraro. Batir kawai kike saya, ko ki yi cajin waya. Ita kuwa tashar tana da ma'aikata da za ta biya, da kuɗin lasisi, da kaso da NBC ke karɓa daga abin da ta samu, ga injin janareta da ke shan dizal dare da rana saboda halin wutarmu. Nauyin ba ƙarami ba ne. A watan Agustan 2022 NBC ta yi shelar soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, ciki har da manya irin su Raypower da na gwamnatocin jihohi da dama, sai da kotu ta shiga tsakani. To da me tashar kasuwa za ta biya duk wannan? Haja ɗaya gare ta, ita ce lokaci. Minti take sayarwa kamar yadda mai awo ke sayar da kwano. Kuma abin da ke sa mintin ya yi tsada shi ne kunnenki. Yawan masu sauraro, yawan kuɗin talla.

Lokacin da ake sayarwa iri-iri ne. Akwai gajeren talla na sabulu ko taliya, wanda ko yaro ya san talla ne. Wannan ba ya damuna. Wanda ke damuna shi ne wanda mutum zai sayi rabin awa sukutum, ya shigo ɗakin watsa shiri, a zaunar da ma'aikacin gidan yana yi masa tambayoyi kamar hira, a buɗe layin waya, wasu su bugo su ce sun sha sun warke. Muryar mai gabatarwar ita ce dai wadda kika ji tana karanta labarai da safe. Kiɗan buɗe shiri na gidan ne. A farko za a ce shirin ya zo muku ne da ɗaukar nauyin wane, wani lokaci a ƙara da cewa ra'ayoyin da za ku ji ba na tashar ba ne. Jimla biyu, cikin sauri, lokacin kina can kina tsame wanki ko kina raba yara faɗa. Sauran minti ashirin da tara kuma ki zauna ki saurara da zuciya ɗaya. Masu bugo wayar nan fa, wa ya tantance su? Mu a asibiti in za a ce magani ya yi aiki sai an auna jini kafin da bayan sha. A can murya ce kawai, kuma wanda maganin ya kwantar ba shi da ƙarfin bugo waya.

Haka abin yake a filayen siyasa inda sojojin baka ke baje kolinsu. Da yawa daga cikin abin da ake ji a irin waɗannan filaye a tashoshi daban-daban, akwai mai biya a bayansa. Wannan dai na bar wa maza su ji da shi a majalisa.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce duk maganin gargajiya ƙarya ba ne. Ni ma da zogale da tafasa aka raine ni, kuma akwai masu maganin da suka san iyakarsu, in abu ya fi ƙarfinsu su ce a tafi asibiti. Faɗana da mai cewa jarka ɗaya tana maganin suga da basir da sanyi da rashin haihuwa da daji gaba ɗaya, sannan ya ce a ajiye na likita. Doka ma ba ta tare da shi. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana a tallata wa jama'a wani abu da cewa yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, kuma ciwon suga da hawan jini da ciwon daji da farfaɗiya suna cikin jerin. Ke nan duk wanda kika ji yana rantsuwa a iska cewa yana raba mutum da suga har abada, ya taka doka tun kafin ki kai ga kuɗinki. Ciwon suga irin na Inna lallaɓa shi ake yi da magani da kula da abinci da awo, mutum ya yi shekaru lafiya lau. Ba a sallamar sa da jarka uku.

Sai kuma maganar "muna da lambar NAFDAC" da suke yawan jaddadawa. Ki duba lambar da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta hukumar ta duba ta ga ba a samu abin cutarwa a samfurin da aka kai mata ba, ta sa shi a jerinta na wani ɗan lokaci. Ba ta ce ta gwada ta tabbatar yana warkar da abin da mai shi ke faɗa ba. Jarkar Inna ma ko wannan babu, matar ɗanta ta nuna min hotonta a waya: farar jarka ce da lambar waya an rubuta da maka.

Mu ma'aikatan lafiya muna da dalilin jin tsoron abin da ake faɗa a iska. Ina makarantar koyon jinya a watan Fabrairun 2013 lokacin da 'yan bindiga suka harbe mutum tara a wuraren riga-kafin shan-inna a Kano, yawancinsu mata. Kwanaki kaɗan kafin nan an yi wani shiri a Wazobia FM ta Kano da ya taɓo riga-kafin da zargi. 'Yan sanda suka kama ma'aikatan gidan suka kai kotu, NBC ta rufe tashar na wani lokaci. Masu kare haƙƙin 'yan jarida sun ce an ɗora musu laifin da ba nasu ba, ni ma ban ce shirin ne ya ɗana bindiga ba. Abin da na sani shi ne a makonnin da suka biyo baya iyayen wasu daga cikinmu sun yi ta bugo waya suna cewa kada mu kuskura mu fita aikin riga-kafi. Kuma rediyon nan dai, da bakin malamai da sarakuna da likitoci, yana cikin abin da ya lallashi iyaye har aka kai ga shelar kawar da cutar daga Najeriya a watan Agustan 2020. Na sha ganin an yi sanarwar neman jini ko cigiyar yaro a rediyo, kafin la'asar an dace. Na ga mara lafiyar da aka haɗa mata kuɗin tiyata saboda an ba da labarinta a wani shiri. Don haka ba cewa nake a kashe rediyo ba. Nawa ma yana kan tagar kicin yanzu haka.

Ku da kuke karanta wannan a waya, akwai wani sabon salo da ya shafe ku fiye da Inna. Yanzu tashoshi suna haska shirye-shiryensu kai tsaye a Facebook. Sai wani ya yanko minti biyu daga shirin da aka biya, ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan uwa ko na makarantar Islamiyya. Tambarin tashar yana nan a jikin bango, makirufo yana nan, amma jimlar nan ta ɗaukar nauyi an yanke ta. Abin da ya fito a matsayin talla sai ya iso gare ki da rigar labari, kuma daga hannun yayarki ko aminiyarki. Ni abin da na koya wa kaina, kafin in tura wa wani sai na tambaya: mai maganar nan, shi aka gayyato ko shi ya biya? In a ƙarshen maganarsa akwai lambar waya da kwatancen shago, na san amsa. In likita ne na gaske aka gayyato, za ki ji an faɗi asibitin da yake aiki, kuma ƙarshen maganarsa shi ne a je a auna.

Masu gidajen rediyo kuma, tunda na san akwai matansu da 'ya'yansu cikin masu karanta mu, roƙo ɗaya nake da shi. Na san dizal ba ya sayen kansa. Amma jimlar nan ta ɗaukar nauyi, a riƙa maimaita ta a tsakiyar shiri, a hankali, da Hausar da tsohuwa a Basirka ko Farin Dutse za ta gane: wannan mutum kuɗi ya biya don ya yi magana. Kuma wanda zai ce a ajiye maganin asibiti, a mayar masa da kuɗinsa.

Inna ta yi kwana goma sha tara a wurinmu. An ceto ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi. Kuɗin jarkokin uku, da na mota daga ƙauyensu, da na aikin da aka yi mata, sai da ɗanta ya sayar da tumaki biyu da buhun riɗi. Ranar da za a sallame ta na same ta da wayar matar ɗanta a kunne tana sauraron wani shiri. Ta miƙo min ta ce, "'Yar nan, saurara min wannan. Shi ma biya ya yi?"

Na saurara. Sanarwar ranar awon ciki ce da riga-kafin yara. Na ce, "A'a Inna, wannan ki sa a kai jikanki."